Marar Kai Cikin Buhu

A layinmu na Talata Mafara shaguna uku ne a jere: nawa na ɗinki, na Ishaq mai hoto a tsakiya, sai rumfar Hayatu mai gyaran fanka da tocila. Hayatu ya taɓa yin kwas ɗin kwamfuta na sati biyu a Gusau, shekara goma sha ɗaya da sunka wuce, kuma tun da ya dawo in ka kira sunansa zalla ba ya waiwayowa, sai ka ce Injiniya. Ni na fara kiransa haka don in ga ko zai ji kunya. Bai ji ba. Sati bai zagayo ba ya sa anka rubuta masa a allon rumfarsa.

Shi kuwa Ishaq shekara ashirin ke nan yana ɗaukar mutanen garin nan hoto, daga suna zuwa biki zuwa saukar karatu, kuma duk abin da ya ɗauka yana cikin wata baƙar na'ura mai siffar akwati da ke ƙarƙashin teburinsa. Ƙanensa Zaharaddini, da ke aiki a Kaduna, shi ya haɗa masa ita. Ba ta da allon kallo, ba ta da wurin dannawa, sai wata 'yar koriyar fitila da ke ƙyaftawa. Daga can Kaduna yake ba ta umarni ta intanet, tana bi. Irin wannan, in ji shi, masu aikin na ce mata marar kai.

To bana sai ta fara ciwo. Faifan da ke cikinta ya riƙa ƙas-ƙas kamar ɓera cikin rumbu. Zaharaddini ya zo gida ya kafa sabuwa a gidansu na Bakura, inda akwai sola mai ƙarfi, ya ce hotunan za su yi ƙaura ta intanet daga tsohuwar zuwa sabuwar, suna bin sunayen masu su daga A har Z. Kwana huɗu aikin zai ci. Kafin ya koma Kaduna ya tsaya a ƙofar shagon ya faɗa sau biyu, muna ji: “Kada a kashe ta, kada a girgiza ta. In ta kwanta ba lalle ne ta tashi ba.”

Duk garin babu wanda ya ƙagu da wannan ƙaura kamar Taibatu, matar Hayatu. Mahaifiyarta ta rasu daminar bara, kuma hotonta ɗaya ne tak a duniya, wanda Ishaq ya ɗauka ranar bikin Taibatu. Na takarda gara ta cinye. Saura na cikin na'urar, kuma Ishaq ya yi mata alkawari da an gama zai wanke mata babba ta rataya. Kullum da safe sai ta aiko Hayatu ya tambaya.

Rana ta biyu Ishaq ya tafi ɗaukar biki a Jangebe, ya bar mini makullin shago don in riƙa leƙa batir. Hayatu ya ga makullin a hannuna, fuskarsa ta canja.

“Kai anka ba?”

“Ni anka ba, Injiniya.”

“Tela. Ga ni zaune, da takardar shaida.”

Zaharaddini cewa kawai ya yi kada a taɓa, amma bakina bai iya barin magana yadda ya same ta. Na ce, “Ai ba laihin Ishaq ba ne. Zaharaddini ne ya ce duk Mafara babu hannun da ya isa ya taɓa ta.”

Hayatu ya ajiye fankar da yake kwancewa. “Buɗe in gani.”

Ni dai so nake in ga ya durƙusa gabanta yana gyaɗa kai, in sami abin ba da labari a majalisa. Ya durƙusa kuwa. Ya kara kunne, ya shinshina bayanta, ya ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa yadda ake wa kankana.

“Audu, daga nan zuwa Bakura a babur minti nawa ne?”

“Arba'in, in ba a tsaya gaisuwa ba.”

“To mi ya kawo kwana huɗu? Ka taɓa ganin wanda za shi ƙaura ya zauna ɗaki yana aika kaya cokali-cokali ta iska? Abu ba kai, ina za ta san hanya? Ɓata take yi tana dawowa. Ƙaura ɗauka ake yi. Kahin azahar na gama, Taibatu ta sami hoton Inna yau ɗin nan, su kuma 'yan Kaduna su san akwai mutane a Mafara.”

Na buɗe baki in ce wasa nake yi. Kafin kalmar ta fito ya fizge waya daga bango. Koriyar fitilar ta mutu. Ƙas-ƙas ɗin ya tsaya.

“Ka ji? Har ta samu sauƙi.”

Ya ruga gida ya ciro zanen Taibatu daga kan igiyar shanya, ya naɗe na'urar don kada ƙura ta shige ta, ya zura cikin buhun shinkafa ya ɗaure baki. Tun da makullin a hannuna yake, na ga in na bar ta ta tafi ita kaɗai na shiga uku. Na hau bayan babur na rungume buhun. Duk ramin da ke tsakanin Mafara da Bakura babu wanda Hayatu ya raina, kowanne sai da ya shiga ya gaishe shi.

A Bakura mahaifiyar su Ishaq ce ta tare mu a zaure. Munka durƙusa. Ta tambayi gida, ta tambayi iyali, ta tambayi zafi, ta tambayi shinkafar fadama, ta koma kan iyali ɗaya bayan ɗaya, buhun kuwa yana can a rana. Da ta ji wai Ishaq ne ya aiko mu, wanda Hayatu ya faɗa ba tare da ƙyafta ido ba, sai ta buɗe mana ɗakin da sabuwar take.

Hayatu ya ɗora tsohuwar a kan sabuwar.

“Mi za a yi yanzu?” na tambaya.

“Jira. Abu daga sama yake zubowa ƙasa.”

Munka jira. Ya ɗan karkata ta, yadda ake tsiyaye ƙarshen manja. Ya bubbuga gindinta. Ya ga waya shuɗiya a bayan sabuwar, ya zare ta ya cusa wa tsohuwar, wai su sha nono ɗaya. Nan take wayarsa ta yi ƙara. Zaharaddini ne.

“Hayatu, ina Ishaq? Ba na samun shi. Na'urar shago ta ɓace mini tun ɗazu, yanzu ta Bakura ma ta ɓace.”

“Salamu alaikum,” in ji Hayatu.

“Wa alaikumus salam. Don Allah leƙa shagon ka...”

“Ina kwana?”

“Lahiya. Ka duba mini ko...”

“Ina gajiya? Yaya Kaduna? Yaya maigidanka na wurin aiki?”

Sai da anka kai ƙarshen gaisuwar kaf, har da ruwan sama, sannan Hayatu ya gyara murya ya ba shi albishir cewa an gama ƙaura, ga su nan biyu ɗaya kan ɗaya. Zaharaddini ya yi salati. Sannan muryarsa ta yi ƙasa. Ya sa anka mayar wa sabuwar wayarta. Ya ce ita tsohuwar yanzu ba shi da hanyar kaiwa gare ta daga nesa, tun da an raba ta da layin shago. Kafin a sake kunna ta sai an haɗa mata allo an ga abin da za ta rubuta. Ya ce a ajiye ta nan, kada a motsa, zai nemi wanda zai kawo allon.

Hayatu ya kashe waya ya dube ni da murmushin nasara. “Allo. Wato kai ke nan. Mi na ce tun sahe? Ciwonta rashin kai.”

“Ya ce kada a motsa.”

“Ya ce a nemo kai. Ina da aboki a Maradun mai gidan kallon ƙwallo, yana da su har biyu a ajiye.”

“To mu tahi mu ɗauko.”

“Kai tela ne ko mi? Ana sayen hula ba a gwada ba? Da ita za mu.”

Mahaifiyar su Ishaq ta ba mu zoɓo mai sanyi ƙulli uku a leda, mu sha a hanya. Hannuwana na rungume da kaya, don haka Hayatu ya jefa su cikin buhun ya sake ɗaurewa. Munka koma ta Mafara ba mu tsaya ba, munka miƙe Maradun. Wajen wata gada ya shiga wani rami da ya sa na ambaci sunan kakata. Na ji wani abu ya fashe a cikin buhun, amma na riga na daina ba da shawara.

Ranar kasuwa ce a Maradun. Hayatu ya tsaya a bakin rumfar masu fura, inda ya fi cika, ya sa na sauke buhun a ƙasa, ya kira abokinsa. Shi kuwa in yana waya, yadda yake ɗaga murya ko babu wayar ma za a ji shi.

“Na iso. E, tana cikin buhu. A'a, ba ta da kai, ai shi ya sa na zo wurinka. Ba ka ce kana da guda biyu a ɗaki ba? Fito da ƙaramin mu gwada, in ya zauna sai mu ɗaure. Da sahe tana ɗan motsi, amma tun da na gama da ita ta yi shiru.”

Mai furar da ke kusa da mu ta daina damu. Ta dubi buhun. Gefen zane mai fulawa ya leƙo ta bakinsa, ƙasansa kuma wani jan ruwa na tsattsafowa yana bin ƙasa a hankali. Ta ajiye ludayi, ta ja da baya, ta ja da baya, sai ga ta a rumfar mahauta tana nuni da hannu.

Ban taɓa ganin kasuwa ta yi da'ira da sauri haka ba. Ni dai na tsinci kaina na sayi gyaɗa, ina tsaye cikin 'yan kallo ina taya su salati.

Shugaban 'yan sintirin kasuwar, wani dogo da ake kira Malam Yaya, ya ratso mutane da gora a hannu. Ya tsaya nesa da buhun.

“Bawan Allah, daga ina?”

“Injiniya Hayatu, daga Mafara.” Ya ɗauka taron na ganin gwani ne, har ya gyara hula.

“Mi ke cikin buhun ga?”

“Marar kai ce.”

Jama'a sunka yi wani gunji.

“Wa ce ce?”

“Ai ba mutum ɗaya ba ne, Malam. Rabin Mafara na ciki.”

“Cikin buhun ga?”

“Aikin ilimi ne. Matse su ake yi.”

Malam Yaya ya nuna zanen da gora. “Wanga zanen wa ne?”

“Na matata.”

“Ina matar taka?”

“A'a, ita ma ai tana ciki. Da ita da uwarta. Don uwar ma na yi wanga aiki, ta dame ni kullum.”

Wata tsohuwa ta zauna a ƙasa daɓas. Mahauta sunka matso. Sai a lokacin Hayatu ya lura babu mai murmushi, ya dubi jan ruwan da ya kai bakin takalminsa, ya dubi gorar, ya fara neman fuskar da ya sani.

“Ga wanda ya riƙo ta can. Audu, zo ka yi musu bayani.”

“Ni gyaɗa na zo saye,” na ce. Ba ta yi aiki ba, don gaban rigata jawur yake. Anka tura ni tsakiya.

Munka rantse, munka ce na'ura ce, munka ce zoɓo ne. Malam Yaya ya ce in zoɓo ne Hayatu ya lasa. Hayatu ya dangwala ya lasa, wasu mata sunka rufe ido. Daga ƙarshe anka ba shi umarni ya kwance da kansa, kowa ya ja baya taku biyar. Ya kwance. Ledojin zoɓo sunka faɗo, ɗaya fasasshiya, biyu da ransu. Ya warware zanen. Ga baƙar na'ura zaune a tsakiyar kasuwar Maradun, ƙura a ka, ba ta san abin da ake ciki ba.

Tsohuwar nan da ta zauna a ƙasa ita ta fara magana. “Don wanga rediyo na baro daddawata?”

Dariyar da anka yi har masu awaki sunka baro awakinsu. Wani ya ce a ba Injiniya kan rago ya gwada mata. Wani ya ce a'a, shi Injiniyan ya fi buƙata. Abokin nasa mai gidan kallo, da ya iso da allo a kafaɗa ya ga taro, tuni ya juya.

Ana cikin haka Ishaq ya sauka daga babur, kyamara na lilo a wuyansa. Zaharaddini ya same shi a waya daga baya, labarin buhu kuma ya riga ya zaga wayoyin mutane har Jangebe. Bai kalli Hayatu ba. Ya tsuguna ya shafa na'urar, ya ga zanen ya tare yawancin zoɓon, ya kira ƙanensa ya buɗe murya kowa na ji.

“Zaharaddini, ga ta a hannuna. Gaya mini gaskiya, ina anka tsaya?”

“A kan H. Hamdiyya ta wuce lahiya. Daga nan anka zare wuta.”

“Sauran hwa?”

“Suna cikin wadda ke hannunka. In ta tashi.”

Malam Yaya ya matso. “Dakata. Kai ne Ishaq mai hoto? Kai ka ɗauki saukar ɗiyata bara waccan. Nawa ya wuce?”

“Mi sunanka?”

“Yaya.”

“Kana can ƙarshen layi, Malam.”

Malam Yaya ya juya ya daɗe yana kallon Hayatu, kamar mai haddace fuska.

A mota anka mayar da ita Mafara, kan katifa, Ishaq na riƙe da ita, direba na tafiya kamar ya ɗauko ƙwai. Mu munka biyo a babur. Da munka shigo layin su Hayatu sai ga mata cike da ƙofar gida. Ashe tun azahar suke zuwa gaisuwar rasuwar Taibatu, ita kuma tana tsakar gida tana wanke-wanke, tana karɓar ta'aziyyar kanta. Ta fito har zaure, ta karɓi zanenta da yatsu biyu.

“Malam, an ce ka yanka ni.”

“Ƙarya ce, Taibatu, ai ga ki.”

“Na gode da ka gaya mini. Hoton Inna hwa?”

“Yana ciki. Ai da ba don ni ba...”

“An kai T?”

“An kusa. Ana H.”

Ta ɗan yi lissafi da yatsu, ta ga nisan. Idonta ya kawo ruwa. “To ka ji. Tukunyata ba ta san ka ba sai an kai T. In kuma ba a kai ba, sai mu yi wata maganar.”

Sai a kunnawa ta uku na'urar ta tashi, da wani kuka kamar tsohuwar ƙofa. Zaharaddini ya kamo ta daga Kaduna, ƙaura ta ci gaba, amma yanzu da ɗingishi. Ishaq ya ja layi da gawayi a ƙasa, taku ashirin daga ƙofar shagonsa, ya ce in ƙafar Hayatu ta tsallaka shi zai kira Malam Yaya. Ni ma an karɓe makulli, an kuma daina amsa mini gaisuwa na kwana uku, ko da yake nawa hotunan, da yake Audu nake, tun ranar farko suna Bakura.

Haka Hayatu ya koma zama a gindin turken wuta, yana cin rogo da ƙuli, yana ɗaga murya daga nesa.

“Ishaq, an kai ina?”

“K.”

“Tun jiya K?”

“Kabiru nawa ka sani a garin ga?”

M ta ci kwana huɗu, saboda Muhammadu da Musa da Maryam. Hayatu ya rame har hularsa ta fara juyawa. Duk da haka in mutane sun taru yakan ce girgizar da ya yi mata ce ta buɗe mata hanya, don a Gusau an koya musu haka a sati na biyu. Da anka shiga S ya daina wannan maganar. Sadiya, Salisu, Sani, Shehu, Suwaiba, kullum ƙas-ƙas ɗin na ƙaruwa, fitilar na yin jim kafin ta ƙyafta. Ya je har gidan wani Sulaimanu ya roƙe shi ko zai yafe nasa a tsallake. Sulaimanu ya ce aurensa uku, kuma duk yana so.

Ranar Alhamis bayan la'asar Ishaq ya fito ƙofar shago da waya a kunne. Ya ɗaga hannu. Layin ya yi tsit, har na tsayar da keken ɗinki.

“Taibatu ta wuce.”

Hayatu ya yi sujada a kan ƙasa. Bai ɗago ba na'urar ta yi wata 'yar ƙara, ƙit, fitilar ta mutu. Anka kunna, anka sake kunnawa. Zaharaddini ya ce a bar ta, ta gama. A kan Tanko ta tsaya, ko rabinsa ba ta kai ba.

Washegari Ishaq ya kai wa Taibatu hoton da kansa, babba, cikin gilashi. Ta zauna ta daɗe tana kallon mahaifiyarta, ta goge gilashin da bakin mayafi ko da yake babu ƙura. Sannan ta tashi ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka, ta ajiye gaban Hayatu. Ina nan, don an kira ni in buga ƙusa.

Ya wanke hannu, ya yanko lomar farko, sai anka yi sallama a ƙofar gida. Muryar Tanko mahauci ce. Wata sallamar ta biyo, ta Umar direba. Sai ta Usman, sai ta Zubairu mai taya, sai wata mai kauri da na sani tun Maradun, haɗe da ƙarar gora a ƙasa.

Hayatu ya mayar da lomar cikin kwano a hankali. “Taibatu, don girman Allah ki ce ba ni nan.”

Ta gyara wa hoton zama a bango, ta ja baya ta duba ko ya miƙe. Sannan ta juya wajen zaure.

“Shina nan. Ku shigo da bin layi, daga Tanko.”